Poundbury: Yadda Gonar Yarima Ta Zama Unguwa

A shekarar 1987 kansilolin gundumar West Dorset, a kudu maso yammacin Ingila, suka zauna kan wata magana irin wadda ƙananan hukumomi ke yanke wa hukunci kullum ba tare da manyan jaridu sun ko waiwaya ba. Garin Dorchester, hedikwatar lardin Dorset, ya cika, kuma dole ne a nema masa inda zai miƙe ƙafa. Da aka auna gabas aka auna yamma, sai suka tsayar da cewa gonakin da ke yammacin gari, a kan tudu, nan ne za a yi sababbin gidaje da wuraren aiki. Da a ce gonakin na wani manomi ne, da zancen ya ƙare a fayil. Amma filin na Gandun Cornwall ne, mai cin amfanin gandun kuwa a lokacin shi ne Yarima Charles, magajin gadon sarautar Birtaniya, mutumin da ya yi shekara uku yana dambe da masu zanen gine-ginen ƙasar.

Yau idan aka ambaci Poundbury, sai mutane su ce ai garin da Sarki Charles ya gina ne. Ba gari ba ne mai zaman kansa, unguwa ce ta Dorchester, tana da kansilolinta a majalisar garin. Kuma ba daga fada maganar ta taso ba. Daga lissafin ƙaramar hukuma ta taso: gida nawa ake bukata, a ina, kuma su wa za su shiga.

Dorchester tsohon gari ne, mai nisan kimanin kilomita 200 daga Landan. Rumawa ne suka kafa shi, suka sa masa suna Durnovaria, suka zagaye shi da ganuwa, kuma har yanzu hanyoyin shan iska masu jerin itatuwa suna bin sawun ganuwar. A arewa akwai kogin Frome da fadamarsa da ke cika da ruwa a lokacin sanyi. A kudu maso yamma akwai Maiden Castle, wani katafaren tudun tsaro na mutanen da suka riga Rumawa zuwa. Sauran gefen kuwa gonakin Fordington ne, mallakar Gandun Cornwall, waɗanda suka rungume garin ɗaruruwan shekaru ba su bar shi ya faɗaɗa ba, sai a shekarun 1870 aka fara sakin su. Shi ya sa marubuci Thomas Hardy, ɗan yankin, wanda ya mayar da Dorchester garin Casterbridge a littafinsa na 1886, ya siffanta shi da gari dunƙulalle wanda gidan ƙarshe ke haɗa kafaɗa da gona. Hardy kansa zanen gini ya koya kafin ya koma rubutu, kuma shi ya zana gidansa na Max Gate da ke bakin garin. Gandun da ya tare wa Dorchester hanya shekaru aru-aru, shi ne kuma aka koma wa ana neman fili.

Matsin da kansilolin suke gani yana da tushe biyu. Na farko, Dorchester gari ne mai aikin yi fiye da ma'aikatan da ke kwana cikinsa. Ofisoshin lardi suna nan, babban asibiti yana nan, a lokacin ma har da kotuna da kamfanin giya na Eldridge Pope da gidan yari. Kowace safiya motoci na jerin gwano daga Weymouth da ƙauyukan kewaye, da yamma su juya. Na biyu, Dorset wuri ne da masu ritaya daga Landan da kewayenta ke sha'awar komawa, suna zuwa da kuɗin gidajen da suka sayar a can, farashi ya tashi ya bar ɗan gari mai ƙaramin albashi a baya. Ga shi kuma dokar gidaje ta 1980, ta gwamnatin Margaret Thatcher, ta ba 'yan haya a gidajen ƙananan hukumomi damar saye su a kan rangwame. Kafin shekarun 1980 su ƙare an sayar da gidaje sama da miliyan ɗaya a faɗin ƙasar, ba a kuma mayar da gurbinsu ba. Jerin sunayen masu jiran gida a ofishin gunduma sai ƙara tsawo yake.

A Ingila mallakar fili ba ta ba mutum ikon gini a kansa. Tun dokar tsara gari da karkara ta 1947, wannan iko yana hannun hukuma: ƙaramar hukuma ce ke zana taswirar inda za a yi gini da inda ba za a taɓa ba, ita ce kuma ke ba da izini ko ta hana. Ko ɗan sarauniya ne, sai ya kai takardunsa gaban kwamitin kansiloli. A Dorchester na wancan zamani hukumomin hawa uku ne. Majalisar lardin Dorset ce ke da tituna da makarantu. Majalisar gundumar West Dorset ce ke da izinin gini da sha'anin gidaje. Majalisar garin Dorchester kuwa ana jin ta bakinta, amma ba ita ke yanke hukunci ba. Duk abin da aka gina a Poundbury sai da ya bi ta waɗannan ƙofofi, kuma, kamar yadda za a gani, ƙofar masu tituna ce ta fi wuyar buɗuwa.

Shi kuwa Gandun Cornwall, Sarki Edward na Uku ne ya kafa shi a 1337 don ɗansa ya sami abin ci da gida, kuma tun daga nan babban ɗan mai mulki ne ke cin ribarsa. Ribar kaɗai: ba shi da ikon cinye uwar dukiya, kuma duk wata babbar hada-hadar fili sai baitulmalin gwamnati ya sa hannu. Ma'ana, ko da Yarima ya so ya yi gini don burgewa, doka ba za ta bar shi ya yi asara da dukiyar magadansa ba. Dole aikin ya ci da kansa.

Rigimar Charles da masu zanen gini ta fito fili ne a watan Mayu na 1984, a fadar Hampton Court, wajen bikin cikar ƙungiyarsu shekara 150. An gayyace shi ya yi jawabin taya murna, sai ya tashi ya caccaki irin ginin zamani, ya kwatanta ƙarin da ake shirin yi wa gidan adana zane-zane na ƙasa a Landan da ƙaton maruru a fuskar aboki. Aka soke wancan zanen, masu sana'ar kuma ba su yafe masa ba. A 1988 ya yi wani shiri a talabijin na BBC kan wannan batu, a 1989 ya fitar da littafi mai suna A Vision of Britain. Amsar da abokan hamayya ke ba shi ɗaya ce: suka ba ta da wuya, in ya isa ya gina nasa a gani. Shawarar kansilolin West Dorset ta faɗo daidai kan wannan gaɓa.

Hanya mafi sauƙi a buɗe take. Gandun ya sayar wa ɗaya daga cikin manyan kamfanonin gina gidaje filin, ya karɓi kuɗinsa, ya kama gabansa. Abin da zai biyo baya kowa ya san shi, domin haka bakin kowane garin Ingila yake: gidaje iri ɗaya jere a lunguna marasa ɓullewa, kowane da garejinsa a gaba, gidajen talakawa a can kusurwa kusa da babban titi, masana'antu a wani fegi daban, babban kanti a wani shataletale. Mai son burodi sai ya tayar da mota. Charles ya ce ba haka za a yi ba, kuma a 1988 ya ɗauko Léon Krier ya damƙa masa zanen.

Krier ɗan Luxembourg ne, haifaffen 1946, ya yi suna da rubutu da zanen barkwanci na sukar biranen zamani fiye da yadda ya yi suna da gini, don kusan bai gina komai ba kafin nan. Yana kuma ɗauke da tabon littafin da ya fitar a 1985 kan gine-ginen Albert Speer, mai zanen Hitler, abin da masu suka ba su taɓa mantawa da shi ba. Ra'ayinsa mai sauƙin faɗa ne. Gari ba ya girma ta hanyar kumbura. In ya cika, sai a haifa masa sabuwar unguwa cikakkiya, mai gida da kanti da wurin aiki da makaranta, wadda mutum zai ratsa da ƙafa cikin kimanin minti goma. A kan filin eka 400 ya zana unguwanni huɗu, eka 250 na gini, 150 na fili da itatuwa.

A watan Yuni na 1989 aka kafa babbar rumfa a gonar Poundbury, aka baje taswirori, aka kira mutanen gari su zo su faɗi albarkacin bakinsu na 'yan kwanaki, Yarima da kansa ya halarta. Irin wannan zama baƙon abu ne a lokacin, domin abin da aka saba shi ne a liƙa sanarwa a jikin fal ɗin fitila, a ba mutane 'yan makonni su aiko da takardar ƙorafi. Zanen farko na Krier cike yake da hasumiyoyi da manyan gine-ginen jama'a masu kama da na Italiya. Mutanen Dorset sun fi son abin da ya yi kama da Dorset. Masu lissafin gandun kuma da suka buga kuɗin sai jikinsu ya yi sanyi. Kafin a gama wannan ja-in-ja kasuwar gidaje ta Birtaniya ta faɗi warwas a farkon shekarun 1990, kuɗin ruwa ya hau, bankuna na ƙwace gidaje. Aka rage buri, aka zubar da abin da ba zai biya kansa ba, aka riƙe ƙashin bayan shirin: tsarin tituna da dandali, da cakuɗa gida da sana'a.

Sai a watan Oktoba na 1993 aka sa harsashi, shekara shida bayan shawarar kansiloli. Gandun bai yi gini da kansa ba. Ya riƙa yanka filin gunduwa-gunduwa yana sayar wa magina na yankin, irin su C. G. Fry da Morrish, da sharaɗin bin kundin ƙa'idoji: irin dutse da bulo da za a sa, gangarar rufi, tsayin bututun hayaƙi, fasalin taga. Kashin farko ƙarami ne, gidaje wajen 250. Da yake masu saye sun yi ƙaranci, cikin gidajen da aka fara kammalawa akwai na ƙungiyar Guinness Trust, mai ba marasa ƙarfi haya a kan rangwame. Wato unguwar da jaridu ke wa ba'a da cewa ta masu hannu da shuni ce, cikin waɗanda suka fara kunna fitila a cikinta akwai mutanen da suka fito daga jerin jiran gida na gunduma.

A nan ne, a ganina, aka yi aikin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda ba ya fitowa a hoto. Dokar tsara gari ta 1990, a sashe na 106, ta ba ƙaramar hukuma damar ƙulla yarjejeniya da mai gini: za mu ba ka izini, kai kuma ka ware kaso kaza na gidaje masu rangwame, ka ba da gudummawar makaranta, ka gyara mahaɗar titi. Kamfanoni sun saba cika wannan sharaɗi ta hanyar tattara gidajen rangwamen wuri guda, da ƙananan tagogi da bulo mai arha, yadda ko baƙo zai gane su daga nesa. A Poundbury an warwatsa su cikin sauran, an gina su da kaya iri ɗaya. Mutum zai bi layi ya wuce ƙofa huɗu a jere, fenti da matattakala da fitilar ƙofa duk ɗaya, ɗaya ta likita ce da ya saya da tsabar kuɗi, ta kusa da ita ta mai aikin share asibiti ce da ke biyan haya, kuma babu abin da zai nuna masa wacce ce wacce. Dillalan gidaje sun yi gargaɗin cewa wannan zai karya farashi. Bai karya ba. Gidajen Poundbury sun koma suna tsada fiye da takwarorinsu na kewaye. Kason gidajen rangwamen ya fara da kashi 20 cikin ɗari, daga baya ya kai 35.

Rikicin tituna kuwa ya fi kowanne cin lokaci. Injiniyoyin lardi suna da littafinsu na ƙa'ida da gwamnati ta fitar tun 1977, kuma abin da littafin ya koyar shi ne a ba direba fili: titi mai faɗi, kwana mai laushi, ido ya hango nesa, alama a kowace mahaɗa. Krier da injiniyan da ya yi aiki da shi, Alan Baxter, suka juya lissafin. Gidaje aka fara jerawa, titi ya bi abin da ya rage a tsakaninsu. Don haka titin Poundbury yakan buɗe ya tsuke, ya karkace ba zato, kusurwar wani gida ta tokare ganin direba, wani wurin ma bishiya ce tsaye a tsakiyar mahaɗa. Babu farin layi a ƙasa, da wuya ka ga allon da ke cewa tsaya ko ba da hanya. Hujjarsu ita ce direban da bai san abin da ke bayan kwana ba, ƙafarsa da kanta za ta sauka daga kan totur. Ga injiniyan da zai amsa tambaya in mota ta buge yaro, wannan magana ba ta da daɗin ji, kuma ba za a ce tsoronsa na banza ne ba. Sai da aka yi ta zama, ana aunawa, ana kawo motar kwasar shara da ta 'yan kwana-kwana a lissafi don a tabbatar za su iya juyawa. A ƙarshe lardi ya amince. A 2007 gwamnati ta janye tsohon littafin ta fitar da sabo, Manual for Streets, wanda ya sa mai tafiya da ƙafa a gaba da mai mota, kuma abubuwa da dama da aka sha wuya kafin a yarda da su a Dorchester suka zama ƙa'idar ƙasa.

Motocin kansu an mayar da su baya. Tsakanin kowane rukunin gidaje akwai fili a ciki inda ake ajiye su, kuma don kada wurin ya zama maɓoyar ɓarayi aka dasa gida ɗaya ko biyu a cikin filin, tagoginsu na kallon motocin. Wayoyin lantarki da na tarho duk a ƙarƙashin ƙasa suke. An kuma shimfiɗa tsakuwa a hanyoyin ƙafa don ta yi kama da ta ƙauye, abin da mazauna suka daɗe suna ƙorafi a kai, domin tana bin takalmi har ɗaki, tana kuma wahalar da mai tura keken jariri da mai keken guragu. Ƙaramin abu ne, amma irinsa ne ke cika taron 'yan unguwa, ba muhawarar salon gini ba.

Ɓangaren aikin yi shi ne rabin shawarar 1987 da ake yawan mantawa. Tsarin da aka gada ya ce masana'anta daban, gida daban, kuma yana da dalilinsa tun zamanin hayaƙin gawayi. Amma yawancin sana'o'in yau ba sa hayaƙi. A Poundbury an sa masana'antar cakulan da ta kamfanin Dorset Cereals, mai haɗa hatsin karin kumallo, a cikin unguwa, katanga ɗaya da gidajen mutane, an yi musu fuska irin ta tsofaffin ma'ajiyoyi. Aka yi ƙananan shaguna da ofisoshi a ƙasan benaye, mutane na kwana a sama. Yau akwai wuraren sana'a sama da 200 a unguwar, masu aiki a cikinsu sun haura 2,000. Sai dai a faɗi gaskiya: wani kaso na wannan aiki ba sabo ba ne, tasowa ya yi daga tsakiyar gari ko daga wani garin na kusa, kuma 'yan kasuwar tsohon gari sun yi ta kukan cewa ana janye musu ciniki. Ba kowane mai aiki a Poundbury ne ke kwana a can ba, ba kuma kowane mai kwana a can ne ke aiki a can ba. Shi kansa Dorset Cereals, da ya girma, wurin ya yi masa kaɗan, ya kwashe ya koma Poole.

Kashi na biyu ya sami izini a 1999. A 2006 majalisar West Dorset ta fitar da nata kundin jagora kan ragowar filin, wanda ya mayar da abin da ya fara a matsayin ra'ayin mai fili ya zama manufar hukuma a rubuce. A ƙarshen 2011 ta amince da kashi na uku da na huɗu, gidaje 1,200. Tun daga kashi na biyu gine-ginen suka fara tsayi da ƙasaita, aka bar kamannin ƙauyen Dorset aka nufi na birni. Dandalin kashin farko, Pummery Square, yana da ɗan zauren taro mai kumburarrun ginshiƙai wanda John Simpson ya zana, ɗan kasuwa Andrew Brownsword ya biya. Babban dandalin kuwa, Queen Mother Square, benaye ne masu ginshiƙan Rumawa, wasu daga zanen Quinlan Terry da ɗansa Francis, da kantin Waitrose da masaukin baƙi. Sarauniya Elizabeth ta zo a watan Oktoba na 2016 ta yaye mayafin mutum-mutumin mahaifiyarta a tsakiyarsa. A 2012 an buɗe wata masana'anta a gonar Rainbarrow da ke kusa, wadda ke ruɓar da amfanin gona ta fitar da iskar gas ta zuba a bututun ƙasa, ta farko irinta ta kasuwanci a Birtaniya. A 2017 makarantar firamare ta Damers ta taso daga cikin gari ta dawo unguwar.

Suka kam an sha ta. An kira wurin garin wasan yara, an kira shi filin shirya fim, an yi dariyar ofishin 'yan kwana-kwana da aka yi wa ado kamar gidan wani attajirin ƙarni na 18, an nuna tagogin da aka toshe da bulo tun ranar gini don kawai a kwaikwayi tsofaffin gidaje. Wasu daga cikin wannan suka sun dace. Akwai gine-gine a babban dandalin da suka fi ƙarfin garin da suke ciki, kuma dandalin kansa, da aka zana don mutane su taru, mafi yawan lokaci wurin ajiye motoci ne. Tudu ne kuma, iska na kaɗawa ba sauƙi. Akwai kuma maganar 'yanci: wanda ya sayi gida a nan ya sa hannu kan sharuɗɗa, ba zai canza tagarsa ta katako da ta roba ba, ba zai kafa farantin satalayit a fuskar gida ba, ba zai sauya launin bango yadda ya ga dama ba. Wasu na ganin wannan shi ke tsare musu darajar gida, wasu na ganin mulkin mai gandu ne ya dawo da sabuwar riga.

Amma sukar da ta fi nauyi ba ta ado ba ce. An gina unguwar ne don a rage dogaro da mota, sai wani bincike da aka yi bayan kammala kashin farko ya nuna mazaunanta sun fi mutanen sauran gundumar amfani da mota. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tashoshin jirgin ƙasa biyu na Dorchester suna can cikin tsohon gari, motocin haya na karkarar Dorset ba su da yawa, kuma mai iya sayen gida a Poundbury mai iya ajiye mota biyu ne. Mai zane zai iya karkata titi, amma ba shi ke da ikon jadawalin bas ba. Wannan ɓangaren na hukumomi ne, kuma nan ne suka fi gazawa.

Abin da ya bambanta Poundbury da sauran irinta, in aka cire sarauta da hayaniyar jarida, shi ne mai filin bai tafi ba. Kamfanin gini na neman ya mayar da kuɗinsa cikin 'yan shekaru, masu hannun jari na jira. Gandun da ya haura shekara 650 zai iya jiran talatin. Krier ya ci gaba da duba zanen shekara da shekaru, ƙaramar hukuma kuma ta sami abokin ciniki guda ɗaya wanda za ta kama da alkawarin da ya ɗauka tun farko. An yi ta kai wa wurin ziyara daga ma'aikatu da ƙananan hukumomi, an kwafi bututun hayaƙi da fasalin tagogi a unguwanni da dama, amma haƙurin bai kwafu ba. Gandun da kansa ya maimaita tsarin a Nansledan, gefen garin Newquay a Cornwall, inda ake shirin gidaje kimanin 4,000.

Majalisar da ta yanke shawarar farko ba ta ga ƙarshen aikin ba. Ranar 1 ga Afrilu, 2019 aka rushe West Dorset da majalisar lardi da wasu gundumomi, aka dunƙule su cikin hukuma ɗaya, Majalisar Dorset. A watan Satumba na 2022 Sarauniya ta rasu, Charles ya hau gado, gandun da Poundbury suka koma hannun Yarima William. An daɗe ana cewa za a kammala a 2025, wa'adin ya gusa gaba. In an gama, za a sami gidaje wajen 2,700 da mutum kusan 6,000, kimanin rubu'in jama'ar Dorchester.

Jerin masu jiran gida kuwa bai ƙare ba. A farkon 2021 sabuwar majalisar ta fitar da daftarin taswirarta, ciki har da shawarar gina gidaje kimanin 3,500 da wuraren aiki a arewacin Dorchester, a ƙetaren kogin Frome da fadamarsa, gefen da aka kauce wa a 1987. Wannan karon filin ba na gandun sarauta ba ne, gungun masu filaye da kamfanoni ne ke tura shirin. Majalisar garin ta ce ba ta yarda ba. Mazauna suka kafa ƙungiya mai suna STAND, suna kafa hujja da ambaliya, da ruwan sha na ƙarƙashin ƙasa, da cunkoson titi, da kuma cewa wannan ne gefe na ƙarshe da ake iya tsayawa a ga garin ya ƙare gona ta fara, kamar yadda Hardy ya gan shi. Majalisar Dorset ta ɗage taswirar. A watan Mayu na 2024 jam'iyyar Liberal Democrat ta karɓe majalisar daga hannun Conservative, wata biyu bayan haka Labour ta kafa gwamnati a Landan da alkawarin gidaje miliyan ɗaya da rabi, kuma kafin shekarar ta fita ta ɗaga adadin da ake bukatar kowace ƙaramar hukuma ta samar a shekara, na Dorset ya ƙaru ƙwarai. Sababbin kansilolin, waɗanda da dama daga cikinsu sun soki shirin arewa lokacin da suke adawa, su ne yanzu aka ɗora wa nemo inda za a sa gidajen.